Ruwan Tsauni da Wutar da Muke Jira

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan reshenmu, tsohon malamin labarin ƙasa, ya gabatar a taron ƙarshen zango a Gembu

 

Ranar da sakatare ya kawo mini takardar gayyata, ya ce ana so in yi magana a kan muhalli, sai na tambaye shi ko ya tabbata mutanen da ke bin bashin kuɗin ƙarin girma da na hutu za su zauna su saurari zancen itatuwa da birai. Ya yi dariya ya ce ai maganar haƙƙoƙi tana da nata lokacin bayan azahar. Na karɓa, domin akwai wani laifi da na daɗe ina neman wurin da zan amsa shi a gaban jama'a, kuma ban ga inda ya fi nan dacewa ba. Zan zo kansa.

Bari mu fara da inda muke zaune. Tsaunin Mambila ya ɗaga sama da teku da kimanin mita 1,600, wasu wuraren sun fi haka. Can ta wajen iyakarmu da Kamaru akwai Chappal Waddi, mai tsayin mita 2,419, wanda babu dutsen da ya kai shi a duk Najeriya. Duk wanda ya taɓa hawowa daga Mayo Selbe zuwa Maisamari ya san yadda zafi ke sauka daga jikin mutum kwana bayan kwana har ya nemi rigar sanyi. Iskar da ke tasowa daga teku ɗauke da laima ita ma haka take hawowa: ta yi sanyi, ta kasa riƙe ruwan da ta ɗauko, ta zubar mana da shi. Shi ya sa damina ke daɗewa a nan, shi ya sa kuma kogin Donga ya sami asalinsa a wannan tsauni, ya gangara ya faɗa Binuwai. Kogin Taraba, wanda jiharmu ta ci sunansa, daga duwatsun maƙwabtanmu na Gashaka yake fitowa. Masuncin da ke jefa taru a ƙasa, wanda bai taɓa ganin Gembu ba, ruwan da ya faɗi a kan rufin makarantunmu yake ci.

Wannan ruwa da wannan tsayi su ne suka jawo mana alkawarin da muka tsufa muna ji. Ƙarfin wutar da ake samu daga ruwa ya dogara ga abu biyu, yawan ruwan da kuma tsayin da zai faɗo daga gare shi, kuma Allah ya haɗa mana duka biyun. Sama da shekara arba'in ke nan ana zancen tashar lantarki ta Mambila. A 2017 gwamnatin tarayya ta amince da kwangilar kimanin dala biliyan 5.8 ga wasu kamfanonin ƙasar Sin, a kan za a gina madatsun ruwa huɗu, a samar da megawat 3,050. Domin ku ji nauyin wannan adadi, tashar Kainji megawat 760 aka gina ta ta bayar, Shiroro 600, Zungeru 700, kuma abin da ke isa ga dukan 'yan Najeriya a yawancin ranaku bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba. Daga baya aka ce an rage girman aikin zuwa rabi. Rigimar kwangila da wani kamfani mai suna Sunrise, wanda ya ce tun 2003 aka ba shi aikin, ta kai gaban kotun sasanci a birnin Paris, har tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Obasanjo da Buhari, suka je suka ba da shaida a farkon 2025. Mu kuwa da sunan tsauninmu ke yawo a takardun Paris, da fitilar waya muke duba takardun jarrabawa, a shagon caji muke barin wayar da safe.

Ba na cikin masu cewa a fid da rai. Aikin haƙƙinmu ne, kuma ƙungiya irin tamu tana da bakin da za ta ci gaba da tambaya. Abin da ke damuna shi ne tambayar da ban taɓa jin an yi ba a duk tarukan da na halarta: idan Allah ya kawo ranar da za a gina madatsar, wane ruwa za ta tare?

Madatsa ba ta haifar ruwa, tara shi kawai take yi. Ruwan da ke gudana a kogi a watan Fabrairu, wata uku bayan ɗaukewar sama, ruwan damina ne da ƙasa ta sha ta ajiye, take sakinsa kaɗan-kaɗan ta idanun ruwa. Ciyawar da ta rufe tudu ita ke tare ɗigon ruwan sama ta ba shi damar nutsewa. Kurmin da ke bin bakin rafi a cikin kwari shi ke yi wa idon ruwa inuwa, saiwoyinsa su riƙe gaɓa, ruɓaɓɓen ganyensa ya jiƙe kamar soso. Idan tudu ya zama fako, kurmi ya tafi, ruwan sama ba ya tsayawa gaisuwa. A rana ɗaya zai kwarare, ya kwashi jar ƙasa ya tafi da ita. Sakamakon haka ambaliya da damina, ƙafewa da rani, ga kuma laka da za ta riƙa taruwa a gindin kowace madatsa har ta cike ta. Ku tsaya a bakin kogin Donga bayan ruwan sama mai ƙarfi ku dubi launinsa. Gonakinmu ne da makiyayarmu ke wucewa a gabanku.

To, ga laifin da na ce zan amsa. A shekarun 1990, ina shugaban wata makarantar firamare a wani ƙauye da ba sai na ambaci sunansa ba, aka kawo mana dashen itacen turare, wanda wasu ke kira zaiti, a lokacin gangamin shuka itatuwa. Akwai wani idon ruwa a bayan makarantar, daga shi yara ke sha, daga shi matan unguwa ke ɗiba. Ni da kaina na ce a zagaye shi da dashen, wai don ya sami inuwa. Wani tsoho da ke gadin makarantar ya ce mini, “Malam, wannan itacen maƙoshinsa ya fi na raƙumi, kai shi kan tudu.” Na dube shi da idon wanda ya yi karatu, na ce masa itace itace ne. Dashen ya kama, ya yi kyau, har muka sami yabo. Bayan wasu shekaru idon ruwan ya fara janyewa da rani, daga bisani ya ƙafe. Da na koma ziyara, 'yan mata na tarar suna gangarawa kwari da jarkoki a lokacin da ya kamata su kasance a darasin farko. Tsohon ya riga ya rasu, Allah ya ji ƙansa, ban sami damar ce masa shi ne da gaskiya ba.

Kada a ce na zo zagin itacen turare. Baƙo ne daga Ostireliya, kuma ya yi mana rana. Da shi muke rufin ɗaki, da shi muke shinge, shi muke ƙonawa, kuma manyan motoci na sauka da katakonsa suna kawo wa mutane kuɗin makaranta. Da babu shi, da tuni gatari ya gama da sauran kurmin da ya rage. Amma saurin girmansa daga yawan shan ruwansa yake, saiwarsa na tafiya nesa, kuma ba kasafai wani tsiro ke jin daɗi a ƙarƙashinsa ba. Muhallinsa tudu, nesa da idon ruwa da bakin rafi. Yau idan ka bi kwaruruka da yawa tsakanin Nguroje da Gembu, a cikin fadamar ma za ka gan shi, domin nan ya fi saurin girma, mai shi kuma yana sauri.

Maganar itacen girki kuwa ba ta wasa ba ce a wurin da ake sanyi irin namu. Mutumin Kano yana hura wuta don ya dafa abinci. Mu a nan muna hurawa don girki, da jin ɗumi, da dafa ruwan wanka, da busar da masara a lokacin da rana ke yin kwanaki ba ta leƙo ba. Wanda ya ce wa matar ƙauye ta daina amfani da itace bai ba ta iskar gas a farashin da za ta iya ba, ba'a yake yi mata. Abin da ke hannunmu shi ne rage yawan abin da ake ƙonawa. Murhun duwatsu uku mafi yawan zafinsa iska yake ciyarwa. Murhun laka mai rufaffen gefe, irin wanda kowace mace da ta iya yaɓe za ta iya ginawa, yana rage cin itace sosai, yana kuma rage hayaƙin da ke sa jarirai tari. Mu kanmu malamai ba mu kuɓuta ba. Nawa ne a cikinmu suka taɓa cewa kowane yaro ya zo da itace ranar Litinin, ba tare da tambayar inda zai saro shi ba? Na yi, kuma na san daga bakin rafi yawancinsa ya fito, domin can ne yaro ke iya kaiwa.

Sai ƙunar daji. Nan zan taka a hankali, domin na san a zauren nan akwai ɗan manomi, akwai ɗan makiyayi, kuma ba wanda ya manta da abin da ya faru a 2017, lokacin da aka rufe makarantu, wasu kujerun kuma har yau masu su ba su dawo ba. Makiyayi yana sa wuta da rani don sabuwar ciyawa ta tsiro wa shanunsa. Manomi yana sawa don share gona. Yaro yana sawa don ya kama gafiya. Kowa da hujjarsa, amma wutar ba ta san iyakar hujja ba. Kowace shekara tana lasar gefen kurmi, ta kashe ƙananan itatuwan da za su maye gurbin manya, shanu su bi baya su tattake abin da ya tsira. Ta haka kurmi ke ja da baya taku-taku, ba a ganewa sai an gwada da abin da tsofaffi suka sani. Kuma idan rafi ya ƙafe, saniya da gona dole su haɗu a ɗan ruwan da ya rage. Yawancin shari'un da ake kaiwa gaban masu unguwanni a watannin rani daga nan suke farawa. Ajinmu ne kaɗai wurin da ɗan Mambila da ɗan Fulani da ɗan Kaka da ɗan Panso da ɗan Kambu da ɗan Bahaushe ke zama a benci ɗaya tun kafin a koya musu tsoron juna. Idan ba a faɗa musu a nan cewa rafinsu ɗaya ne ba, ban san inda za su ji ba.

Yanzu ga zancen birai da na tsokani sakatare da shi. Kusa da ƙauyen Yelwa akwai kurmin Ngel Nyaki, ɗaya daga cikin 'yan kurmin tsauni da suka rage a ƙasar nan. Masana daga Jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand, ƙarƙashin jagorancin Dakta Hazel Chapman, sun kafa tashar bincike a wurin, kuma samarin yankin da dama sun zama ƙwararrun ma'aikatanta, sun san itatuwa da tsuntsaye da sunayensu na kimiyya fiye da mu masu takardar shaida. Ɗalibai na zuwa daga jami'o'in gida da na waje su yi digiri a kan wannan kurmi. Ina so duk wanda ya taɓa kai ajinsa wurin ya ɗaga hannu. Na gode, na ga hannu uku.

A cikin kurmin akwai biri mai ganga, wanda Turawa ke kira cimfanzi. An sa masa wannan suna saboda yadda yake dukan faffaɗan saiwoyin manyan itatuwa, ƙarar ta ratsa daji kamar ana kiɗa. Kowane dare sabon gado yake yi wa kansa da rassa a kan itace. Yana gyara tsinke ya zura a rami ya ciro zuma ko tururuwa. Irin wanda muke da shi, a Najeriya da Kamaru kaɗai ake samunsa a duniya, kuma na Ngel Nyaki 'yan kaɗan ne suka rage. Mafi yawan na Najeriya suna gandun dajin Gashaka Gumti, wanda aka mai da shi gandun ƙasa a 1991, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 6,000, mafi girma a Najeriya, inda har yanzu akwai ɓauna da damisa da mazo da ɗan kunya.

Wani zai ce mene ne haɗin biri da ruwan sha? Akwai manyan itatuwan kurmi masu manyan ƙwallaye, waɗanda ƙaramin tsuntsu ba ya iya haɗiya. Idan 'ya'yansu suka faɗi a gindin uwa, ƙwari da ɓeraye ne ke cinye yawancinsu, sauran kuma inuwa ta hana su tashi. Biri ne ke cin ɗan itacen, ya yi tafiya, ya kasayar da ƙwallon a wani wuri tare da takinsa. Ma'aikacin dashe ne da ba ya karɓar albashi, ba ya kuma shiga yajin aiki, ku gafarce ni, shugaba. Idan tarko da bindiga suka gama da shi, itatuwan za su ci gaba da tsayuwa, mai wucewa ya ga kamar lafiya, alhali kurmin ya daina haihuwa. Na san manomin da bika ta shiga masa masara ba zai ji daɗin wannan yabo ba, kuma yana da gaskiya, ɓarnar tana da ciwo. Sai dai bika daban, biri mai ganga daban, kuma yawan shigar dabba gona yana ƙaruwa ne a inda aka cinye mata nata dajin.

Mun ga yadda abu ke ƙarewa da sauri. 'Yan shekarun baya, lokacin da kasuwar madobiya ta buɗe, itacen da 'yan katako ke kira madrid, tireloli sun yi ta fita da shi daga ƙasashen Bali da Gashaka zuwa tashar jiragen ruwa, a kai ƙasar Sin. Kafin dokar cinikin ƙasa da ƙasa ta fara aiki a kansa sosai, manyan sun tafi. Mu ma a kan tsauni muna da namu, wato haƙar shuɗin dutse a Mayo Sina. Malaman wajen Nguroje sun fi ni sanin yadda rajista ke ramewa idan aka ji labarin wani ya dace. Ramukan da aka bari a buɗe suna nan, ruwan da aka wanke ƙasa a ciki ya koma kunu, yaron da ya bar aji uku kuma da wuya ya dawo.

Akwai abu ɗaya da ke ƙarfafa mini gwiwa, shi ne ƙaramar tashar Tunga da ke kusa da Kakara. Kilowat 400 ce kacal, wato ko rabin megawat ɗaya ba ta kai ba, an gina ta da taimakon hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kuma rage wa masana'antar shayi dogaro da man dizal. Idan aka ajiye ta kusa da megawat 3,050 abin dariya ce. Amma ita an gina ta, ta juya, ta ba da wuta, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Rafukan da ke faɗowa daga tudu suna da yawa a ƙasar nan, kuma ƙaramin inji a kan ɗaya daga cikinsu zai iya haskaka asibitin ƙauye da makaranta da injin niƙa. Farantan hasken rana ma suna aiki, ko da yake duk mai su ya san yadda suke kasala a watan Agusta idan hazo ya rufe gari, lokacin da rafi kuma yake kan ganiyarsa. Ɗaya na rufa wa ɗaya asiri. Amma ƙaramar tasha ta fi babba saurin jin ƙishirwa: rafinta na ja baya, ita ma ta tsaya.

Shugaban taro, ba na so in sauka ban bar wa reshe abin da zai tattauna ba. Roƙona na farko, kowace makaranta ta ɗauki idon ruwa ko rafin da ta fi kusa da shi a matsayin amana. A sami littafi guda, ɗaliban manyan azuzuwa su riƙa zuwa sau ɗaya a wata da bokiti da agogo, su auna daƙiƙa nawa bokitin ke ɗauka kafin ya cika, su rubuta, su rubuta launin ruwan. Wannan darasin lissafi ne da kimiyya da labarin ƙasa a lokaci guda, bai saɓa wa manhaja ba, ba ya kuma bukatar ko sisi daga ofis. Bayan shekara biyar za mu riƙe abin da babu wanda ke da shi a yanzu, wato shaidar halin da ruwan tsaunin nan yake ciki, kuma duk injiniyan da zai zo gina wani abu sai ya nemi littattafanmu. Ina kuma roƙon mu haramta wa kanmu aiken yara saran itace a bakin rafi. Makarantar da ke da fili ta yi gonar itacenta a kan tudu, ta shuka turaren a can, bakin ruwa kuma a mayar masa da itatuwan gida. Tsofaffin gari sun san su, ma'aikatan Ngel Nyaki ma suna renon irinsu, a je a tambaya. A zauna da kwamitin iyaye da malamai, da mai unguwa da arɗo, a yi yarjejeniyar share layin kare wuta a kewayen idon ruwan kafin kaka ta wuce.

Na ƙarshe ya shafi aljihunmu, don haka na bar shi a baya. Ina ba da shawarar reshe ya ware wani abu daga asusun walwala, ko da kuɗin mota ɗaya ne a kowane zango, a riƙa kai ɗalibai da malamansu Ngel Nyaki bi da bi, makarantun ƙauye su riga na gari. Ni na yi alkawarin raka motar farko idan ƙafa ta yarda. Game da idon ruwan da na kashe kuwa, na je na sami mai garin a watan jiya, ya amince a sare itatuwan nan, kuɗin katakon a gyara rufin aji biyu. Ina neman malamai biyar da za su ba ni Asabar ɗaya idan ruwa ya sauka mu je mu yi sabon dashe. Sakatare yana da takarda, mai niyya ya ba da sunansa kafin a tashi cin abinci.